Hawa da saukar matakala bayan tiyatar sauya gwiwa

Ranar da za a sallami Baba ko Hajiya daga asibiti bayan an sauya musu gwiwa, tambayar da iyali suka fi yi ita ce ta bene. Ɗaki a sama yake, yaya za a yi? Wasu tun kafin a iso gida sun sauko da katifa falo, sun yanke cewa shi da sama sai baɗi. Sauko da katifar na makonnin farko dabara ce mai kyau. Inda ake kuskure shi ne a ɗauka zaman jira zai dawo da ƙafar. Likitan gashin ƙashi, wanda ake kira fisiyo, yakan fara koya wa majinyaci taka matakala tun yana asibiti, sau da yawa cikin kwanakin farko bayan tiyata, domin sabuwar gwiwar tana iya ɗaukar nauyi da wuri in dai likitan da ya yi aikin bai hana ba.

A Jos kuma maganar ba ta tsaya ga masu gidan bene ba. Garin kan duwatsu yake. A unguwanni irin su Gangare da Angwan Rogo, kafin ka shiga gida sai ka haye kwata, ka taka dakali, wani lokacin ka hau tudun da aka sassaƙa a jikin dutse. Kowane ɗayansu matakala ne a wurin sabuwar gwiwa.

Ƙa'idar farko gajeriya ce: in za a hau, ƙafa mai lafiya ce gaba, in za a sauka, ƙafar tiyata ce gaba. Dalilin shi ne ƙafar da ke sama ita ke yin aikin, ita ke ɗaga jiki ko ta sauke shi a hankali, don haka mai lafiyar ake bar wa saman. Taki ɗaya-ɗaya ake yi, ƙafafu biyu su haɗu a wuri guda kafin a matsa gaba. Hannu ɗaya a kan ƙarfen gefe, ɗayan riƙe da sanda, kuma sandar tare take tafiya da ƙafar tiyata. Wurin sauka sanda ce ke fara sauka, sai ƙafar tiyata, sai mai lafiya. A ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya a kan takin, kada diddige ya yi reto a baki.

Mai rakiya a ƙasa da majinyaci yake tsayawa koyaushe: a bayansa in ana hawa, a gabansa in ana sauka. Ya riƙe shi ta ƙugu. Jan hannu, wanda jikoki suka saba yi don nuna kulawa, karkatar da mutum yake yi ya rasa daidaito.

Sauka ta fi hawa wuya, kuma nan ne yawancin mutane ke maƙalewa. Abu biyu ke jawo haka. Na farko lanƙwasuwar gwiwa. Tafiya a fili tana buƙatar digiri 60 da ɗan wani abu, hawa kusan 90, sauka kuwa kusan 100. Wanda gwiwarsa ta tsaya a 80 zai yi yawo a tsakar gida lafiya lau, amma da ya zo sauka sai ka ga ya juya gefe yana ɗaga ƙugu. Na biyu tsokar gaban cinya. Ita ce birkin jiki. Wurin sauka dole ta riƙe nauyin mutum tana saki kaɗan-kaɗan, alhali tun shekarun da aka yi ana ɗingishi da ciwon gwiwa ta riga ta rame, tiyata ta ƙara raunana ta, kumburi kuma yana hana ta amsawa yadda ya kamata. Shi ya sa ake jin ƙafa ta saki kwatsam. Galibi ba ƙarfen da aka sa a gwiwar ne ya lalace ba, tsokar ce ta gaza.

Gyaranta a kan gado yake farawa. A miƙe ƙafa, a matse cinya, a danna bayan gwiwa ƙasa, a ƙirga 5, a saki, sau 10. Sai ɗaga ƙafar a miƙe kamar taƙi ɗaya daga katifa, a riƙe, a sauke a hankali. Sai jawo diddige zuwa ɗuwawu don samun lanƙwasa, ana taimakawa da tawul ko rawani da aka zagayo ta tafin ƙafa. Ana yin waɗannan sau 2 ko 3 a rana. Bayan haka a yi tashi da zama daga kujera mai tsayi, ana rage dogaro da hannu a hankali. Zaman ya fi tashin muhimmanci: wanda ke faɗawa kujera rigijib, birkinsa bai dawo ba, kuma bai isa sauka da musayar ƙafa ba, wato kowace ƙafa a takinta kamar yadda mai lafiya ke yi.

Idan fisiyo ya ba da izini, sai a koma kan tudu gajere, kamar santimita 10, a gefen bango ko ƙarfen riƙewa. A hau da ƙafar tiyata, a sauko. Daga baya a tsaya kan tudun da ƙafar tiyata a sauke mai lafiyar har diddige ya taɓa ƙasa, a dawo. A lura gwiwa ta kalli yatsa na biyu, kada ta karkata ciki. In an iya sau 10 babu rawar ƙafa, a ƙara tsayi zuwa 15. Matakalar gida yawanci santimita 15 zuwa 18 ce. Mutane da yawa sukan fara hawa da musayar ƙafa tsakanin mako na 6 da wata na 3, sauka kuma takan biyo baya da makonni. Mai ƙiba ko wanda ɗaya gwiwar ma ke ciwo zai iya ɗaukar fiye da haka.

Bayan motsa jiki a kwanta, a ɗaga ƙafa sama da ƙirji, a ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tawul na minti 15 zuwa 20. Matashi a ƙarƙashin diddige ake sa shi. Sa shi a bayan gwiwa yana da daɗi, amma yana hana ta miƙewa sosai, gwiwar da ba ta miƙe ba kuwa gajiyar da cinya take yi. Gashi da ruwan zafi a kan ɗinki da matsar mai ɗori, a bar su.

Ita kanta matakalar a duba ta da idon basira. Magina sukan bar taki ɗaya ya fi sauran tsayi, galibi na farko ko na ƙarshe, kuma shi ke kayar da mutane. A auna, a manna masa tef mai kala. In babu ƙarfen riƙewa, a kira mai walda tun kafin sallama. Tayil mai santsi da ɗigon ruwan alwala, silifas mara riƙe diddige, zani ko hijabi mai jan ƙasa, babbar rigar da hannunta ke zubowa kan sanda: duk a kawar da su. Fitila mai caji ta zauna a sama da ƙasa saboda ɗauke wuta. Lokacin hunturu, sanyin Jos na Disamba da Janairu yakan sa gwiwa ta sandare da asuba, don haka a lanƙwasa ta sau 10 a bakin gado, a ɗan zagaya ɗaki, kafin a nufi matakala don fita sallah.

Akwai alamomin da ba a jiran ranar ganin likita a kansu: sharaɓa ta kumbura tana zafi da ciwo, wanda kan iya zama gudan jini, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, zazzaɓi, ko ɗinki ya yi ja yana tsatsar ruwa, ko kasa taka ƙafar bayan faɗuwa. Haka kuma in mako 6 ya cika lanƙwasar ba ta kai digiri 90 ba, a koma wurin likitan da ya yi aikin ba tare da ɓata lokaci ba, domin tabon da ke cikin gwiwa yana ƙara tauri, kuma sassauta shi ya fi sauƙi a watanni ukun farko.