Neman Motar Tafi-da-Gidanka a Indiyana da Mishigan

Sharaɗi biyu Kawu ya gindaya mini kafin ya yarda ya raka ni: in nemo tsani mai naɗewa, kuma in bar littafin cak a gida. A cewarsa, wanda ya je duba mota da kuɗi a aljihu ya riga ya saye ta tun bai fita ƙofa ba. Shekara ashirin da ɗoriya ya yi yana tuƙa tirela a titunan Amurka, don haka ban ja da shi ba. Wata uku ke nan ni da maiɗakina muna kwana muna tashi da hotunan motocin nan da Amurkawa ke kira RV, mota mai gado da kicin da banɗaki duk a cikinta. Mun daɗe muna laƙaba wa waya da kotu sunan tafi-da-gidanka, ashe ga mai sunan na asali.

Sabuwa ba ta cikin lissafinmu, ta hannu muke nema. Kasuwar kuwa cike take, domin a 2021, lokacin da korona ta sa mutane gudun jirgi da otal, masana'antun Amurka sun fitar da irin waɗannan motoci da tirelolin kwana sama da 600,000 a shekara ɗaya, kuma da yawa cikin waɗanda suka yi ɗokin saye sun gaji da su. Mu matsakaiciya muke so, wadda ake ce wa aji C: gabanta kan motar ɗaukar kaya ne, bayanta ɗaki, sai wani gado da ya zazzago ta saman direba kamar goshi. Lasin tuƙi na yau da kullum ya wadatar mata.

Mun bar Shikago ranar Asabar da sassafe, farkon Afrilu, sanyi bai gama sakin gari ba. Muka wuce masana'antun ƙarfe na Gary suna ta hayaƙi a gefen tafkin Mishigan, muka hau babban titin Indiyana da ake biyan kuɗin hanya. Tafiyar ba ta fi ta awa biyu ba, ni kuwa na yi alƙawarin ƙarfe goma da mai motar, ina ta taƙama za mu isa da wuri. Gab da South Bend sai na ga agogon wayata ya yi tsalle da awa guda. Na manta shaf cewa Elkhart tana bin lokacin gabashin ƙasar, Shikago kuwa na tsakiya. Na dubi Kawu, yana ta murmushi.

"Kawu, ka sani ka yi shiru?"

"Na sani mana. Mai sayarwa ai ba ya gudu, yaro. Kai ne mai sauri."

Elkhart ba babban gari ba ne, amma nan ne cibiyar wannan sana'a a duniya. Mafi yawan motocin kwana na Amurka a wannan yanki ake ƙera su: kamfanonin Thor da Forest River hedkwatarsu na nan, Jayco na Middlebury, 'yar tafiya kaɗan. Ko'ina ka waiga filaye ne shaƙe da fararen tireloli a jere, sai ka ce garken shanu. Daga ka sauka babban titi kuma sai ka fara cin karo da keken dokin 'yan Amish, wata ƙungiyar Kiristoci masu gudun kayan zamani, baƙi ƙirin, yana tafiya a gefen kwalta. Mutanen da ba sa tuƙa mota, amma da yawansu a masana'antun nan suke aiki, su ne ke haɗa wa wasu gidan yawo.

Motar farko tana wata gona a wajen Goshen, kuma ita ce ta hana ni barci makonni. Ƙirar 2012, mil 19,000 kacal ta yi a duniya. Mai ita ya wanke ta tas, tana ɗaukar ido. Na shiga ciki na ji kamar an buɗe mini ɗakin otal: kujeru ko ƙwarzane babu, murhun gas kamar ba a taɓa ɗora masa tukunya ba, ga ƙamshin turaren fesawa ya cika ko'ina. Har na ɗauko waya zan kira maiɗakina ta gani.

Kawu ko leƙowa bai yi ba. Ya ware tsaninsa ya hau rufi, can sai na ji ya kira ni.

Rufin irin waɗannan motoci yawanci shimfiɗar roba ce a kan katako, kuma an huda shi wuri-wuri: ga na'urar sanyaya ɗaki, ga tagogin iska, ga bututun banɗaki, ga eriya. Kowace huda an zagaye ta da wani farin danƙo mai toshe ruwa. Rana da sanyi suna cin danƙon nan, sai an riƙa dubawa ana sabunta shi. Na wannan motar ya tsattsage kamar faso a dunduniya. A haɗin gaba, inda rufi ya sadu da goshin motar, Kawu ya sa farce ya ɓamɓaro wani yanki ba tare da ya sha wahala ba. Ya ce in taka a hankali kusa da wurin. Na ji ƙafata ta ɗan lotsa.

Muka sauko muka shiga ciki. Ya ɗaga katifar gadon da ke saman direba, ya danna katakon kusurwa da babban yatsa, yatsan ya nutse kamar a soso. Ya kara 'yar na'urar auna lema da ya zo da ita, ta hau ƙara. A nan ne na ji warin da turaren ya danne, warin rima da fumfuna. Sannan ya fitar da ni waje, ya ce kada in kalli bangon motar gaba da gaba, in jingina kumatu da shi in hango tsawonsa. Sai ga shi ya yi tudu-tudu a ƙarƙashin tagar gaba. Bangon leda ce mai tauri da aka manna wa siririn katako da gam. Ruwa na shiga, gam ya saki, fatar ta rabu da jiki.

Abin da na kasa ganewa a hotuna ke nan. Ni da idon mai sayen mota na zo, ina lissafin mil, alhali rabin abin gida ne, gidan da ake girgizawa a kan titi, kuma zama wuri ɗaya ya fi tafiya lalata shi. Tayoyin ma haka. Zanensu cike, kamar jiya aka sa, amma a gefen kowace taya akwai lambobi bayan haruffan DOT, huɗun ƙarshe suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Na karanta 3711: mako na 37, shekarar 2011. Tayoyin da ta fito da su daga kamfani ne, guda shida, duk gefensu ya yi ƙananan tsagu. Janareta kuma awa 41 kawai ya taɓa yi. Ya tashi da ƙyar, ya yi tari, ya mutu, don tsohon mai ya daskare masa a kafireta.

Ba na zaton mai motar ya yi niyyar cuta. Da Kawu ya nuna masa kusurwar nan, fuskarsa ta canza sosai; ya ce shi bai taɓa hawa rufin ba tun da ya saye ta. Nan take ya zabge kuɗin da yawa, ni kuma zuciyata ta sake kwaɗayi. Na ja Kawu gefe.

"Kawu, in an rage haka ai sai mu gyara."

"Ɗana, ruwa ba ya tsayawa inda ka gan shi. Wannan da ka taɓa, a nan ya fito. Inda ya bi kafin ya iso, sai an kware goshin motar gaba ɗaya za a sani."

Muka yi masa godiya muka tafi. Na yi kusan rabin awa ban ce uffan ba.

Da rana muka leƙa gidan tarihin motocin kwana da ke bakin babban titi a Elkhart, inda suka ajiye wata tirelar kwana ta 1913 haɗe da tsohuwar Ford. Ban more shi ba, raina na gonar Goshen. Muka zaga wurin dillalai biyu, ba abin da ya kama mu, muka kama ɗaki muka kwana. Kafin barci Kawu ya sa na kira mai mota ta biyu, wadda na sa a lissafi don kawai kada a ce ɗaya muka zo gani. Abu uku ya ce in roƙa: ya kunna firji tun daren nan, ya cika tankin ruwa, kuma kada ya tayar da injin kafin mu iso.

Washegari muka bi titi mai lamba 131 muka tsallaka Mishigan, ta White Pigeon da Constantine, zuwa wajen Three Rivers. Motar na tsaye ƙarƙashin wata rumfar kwano. Ƙirar 2014, mil 71,000, fentin gefe ya koɗe, kujerar direba ta goge. Da a hoto ne da na wuce ta. Masu ita dattijo ne da matarsa, gwiwa ta hana shi hawa da sauka. Kafin mu tambaya matar ta miƙo mana wani littafi da ya sha hannu, an rubuta kowane canjin baƙin mai da kwanan wata, da ranar da aka sabunta danƙon rufi, da rasiɗan taya na 2022.

Awa huɗu muka yi a kanta. Kawu ya fara ɗora hannu a kan injin ya tabbatar da sanyinsa, domin injin da aka ɗumama yana ɓoye hayaƙi da ƙarar farko. Injin Ford ne mai silinda 10, ya tashi bugu ɗaya. Ya zaro sandar man giya ya shinshina: ja ne, ba ƙauri. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da tocila da sukundireba, don a jihohin nan ana watsa gishiri a titi lokacin dusar ƙanƙara, gishiri kuwa abokin tsatsa ne. Akwai tsatsa, amma ta sama-sama. Ya caka ƙarfen shasi ya ji shi garau, bututun birki ma lafiya.

Ni aka bar wa ɓangaren gida, yanzu da na ɗan waye. Rufi na fara hawa, da rarrafe na bi shi kusurwa-kusurwa. Na buɗe kowane kabad na haska silin ɗinsa, na tattaka daɓen gefen masai da bakin ƙofa. Firjin ya yi sanyi. Irin nasu ba ya da kwamfuresa, da zafin gas ko lantarki yake aiki, shi ya sa yake ɗaukar sa'o'i kafin ya kama, kuma dole motar ta tsaya daidai ba a karkace ba. Na buɗe murfinsa ta waje na duba ko akwai garin rawaya ko warin amoniya, alamar ya fashe. Babu.

Gwajin da ya fi burge ni na ruwa ne. Da na buɗe famfo, sai da wani ruwan hoda ya fara fitowa, maganin da ake ɗura wa bututu kafin hunturu don kada ƙanƙara ta fasa su. Bayan ruwa ya washe, Kawu ya ce in rufe kowane famfo, in bar injin tura ruwan a kunne, kowa ya yi shiru. In akwai yoyo ko da ɗigo ne a bayan bango, matsin zai sauka, injin ya ɗan yi gurnani da kansa. Mu huɗu muka tsaya tsit a cikin motar kusan minti goma, dattijon na kallon agogo, matarsa na danne dariya. Ko ƙis.

Ba ta rasa aibu ba. Rumfar gefe ta yage, batiran ɗaki sun raunana, na'urar gargaɗin iskar gas ta wuce wa'adinta, tagar banɗaki na cijewa. Duk na rubuta. Janareta mai awa 600 da 'yan kai ya ɗauki na'urar sanyaya ɗaki rabin awa bai yi tari ba.

Sai tuƙi. Ban taɓa jan abu mai tsawon ƙafa 26 ba, kuma duk tirelar da ta wuce mu sai na ji iskarta ta ture ni gefe, kwanuka na ta kacau-kacau a baya. Kawu ya karɓa ya taka birki da ƙarfi, ya saki sitiyari kaɗan ya ga ko tana ja gefe, sannan ya kai mu ma'aunin manyan motoci a wani gidan mai. A jikin ƙofa akwai takardar da ta faɗi iyakar nauyin da aka yarda motar ta kai, sai ka cire abin da ma'auni ya nuna ka ga saura nawa ya rage wa mutane da kaya. Ruwa kaɗai ba wasa ba ne: galan ɗaya ya haura fam 8, tanki mai galan 40 ya kai fam 330 ke nan. Lissafinmu ya fita, ko da yake ba da rata mai yawa ba. Mai kuma, dattijon bai ɓoye mini ba, galan ɗaya ba ya kai ta mil 10.

Da muka dawo na gwada lambar shasi mai harafi 17 da ke jikin motar da ta takardar mallaka, na tabbatar ba bashin banki a kanta kuma ba a taɓa rubuta ta cikin waɗanda inshora ta yafe ba, na kuma sa lambar a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, don ganin ko akwai kiran gyara da ba a yi ba. Muka zauna a teburin cikin motar aka yi ciniki, na karanto aibobin da na rubuta ɗaya bayan ɗaya, ya rage, na ƙara, aka daidaita bisa sharaɗin ƙwararren mai duba irin waɗannan motoci zai zo cikin mako ya gwada layin gas da wutar lantarki, abin da mu ba mu da kayan aunawa.

Dattijon ya ce to, sai kafin alƙalami, don akwai wani mai zuwa ranar Talata. Na shafa aljihu, na tuna sharaɗi, na dubi Kawu da fuskar tausayi. Ya zura hannu cikin rigar sanyinsa ya zaro littafin cak ɗina ya ajiye a kan tebur. Ashe tun daren Juma'a ya karɓe shi a hannun maiɗakina.

"Rubuta, yaro," ya ce. "Amma ka rubuta a jiki cewa za a mayar in mai dubawa ya samu matsala."

Ina cikin rubutu ya ninke tsaninsa ya kai but ɗin motar da muka zo da ita.