Kamun ƙanwata tsakanin la'asar da magariba

Ranar Sakkwato ba a yi mata gardama. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, shi ya sa na ji daɗi da aka sa bikin ƙanwata a watan Disamba, cikin hunturu. Ni aka ɗora wa tsarin wunin kamu a filin gidanmu da ke Mabera, ita kuwa amarya buƙatarta ɗaya: hoton da zai nuna fuskarta yadda Allah ya yi ta, ba wanda fitilar kyamara ta mayar da ita fara fat ba.

Kafin biki na kira mai hoton, muka zaga filin da yamma. Ya nuna mini cewa ranar tsaka ita ce abokiyar gabarsa: tana sauka daga sama kai tsaye, ɗaurin ɗankwali ya rufe goshi da inuwa, ƙarƙashin ido ya yi duhu, mutum na ta ƙanƙance ido, gumi kuma na wanke hoda. Hasken kirki yana zuwa ne bayan la'asar, in rana ta yi sanyi. A wannan watan magariba na yi wajen ƙarfe 6 da kwata, kuma a ƙasarmu rana ba ta jan jiki wajen faɗuwa. Da ta ɓace, cikin minti 20 ko kaɗan fiye duhu ya rufe. Don haka daga magariba na fara lissafi ina komawa baya. A yi wa amarya lalle tun ana gobe kamu, mai kwalliya ta gama kafin la'asar, amarya ta fito ƙarfe 5 saura kwata.

Nan ne aikin yake, domin bikinmu bai saba da agogo ba. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyata, buki muka zo ko hoto?" Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, jikokinki ne za su duba hoton nan wata rana." Ita ce daga baya ta riƙa kora ƙawayen amarya waje.

Kujerar amarya mun ajiye ta tana kallon gabas, rana a bayanta. Hasken sai ya bi gefen mayafinta ya zagaye shi kamar an yi masa zaren zinare, idonta a buɗe tas. Wani ƙaninmu ya tsaya a gabanta riƙe da farin allo yana mayar mata da hasken, har duwatsun leshinta da zanen lallen hannunta suka fito ɗaya bayan ɗaya.

Rumfa ma sai da muka ja da masu haya. Mai ja da shuɗi suka kawo, na ce a canza da fara zalla, saboda launin rumfa yana sauka a fatar duk wanda ke ƙarƙashinta. Gindin darbejiyar da dattawa ke so mun bar musu su zauna, amma ba a yi hoto a nan ba, don ganyenta na yi wa fuska dabbare-dabbare.

Hazo kuwa ya taimake mu a ranar. Ya rage kaifin rana, haske ya yi laushi tun da wuri, sai dai sama ta fito fari-fari a hoto, kuma mai hoton bai yarda ya sauya gilashin kyamara a waje ba saboda ƙura. An yayyafa wa filin ruwa kafin mata su fara rawa.

Hoton dangi shi muka fara yi da fitowar amarya, tun kowa na wurin, kafin a soma liƙi a rasa mai sauraron wani. Na amarya ita kaɗai muka bari ƙarshe. Ana kiran salla mai hoton ya rufe jakarsa, aka shimfiɗa tabarmi, aka tayar da janareta don masu kiɗan dare.