Ƙarafa goma sha ɗaya a bayan sito

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na miƙa makullan sito da littafin babura, bayan shekara shida ina kula da abin hawan ma'aikatanmu na karkara a ƙasar Haɗeja. Wanda ya gaje ni ya tambaye ni ko akwai shawarar da zan bar masa. Na ja shi bayan sito, na ɗaga tsofaffin tayoyi, na nuna masa ƙarafa goma sha ɗaya a jibge, duk sun yi tsatsa. Na ce masa kada ya yarda kowa ya mayar da ko ɗaya jikin babur, ko da wa ya ba da umarnin.

Ƙafafun tsakiya ne, abin da bakanikai ke kira dabul sitan.

A farkon 2022 aka kawo mana sababbin babura goma sha biyu, dogayen nan na shiga daji da hawa kwalta, masu tayar gaba inci 21, ta baya 18. Da ƙafar gefe kaɗai suka zo. Ma'aikatanmu kuwa duk a kan Boxer suka koyi tuƙi, sun saba idan taya ta yi faci a ɗaga babur a dabul sitan, mai faci ya zare tayar cikin minti biyar. Wanda ya san hanyoyin Auyo da Kafin Hausa da Guri ya san yadda ƙayar aduwa da ta bagaruwa ke yi wa taya. Sai koke ya yi yawa: mutum shi kaɗai a ƙauye, tayar baya ta sace, sai ya nemi mutum biyu su riƙe masa babur kafin a taɓa komai.

Ni na kai maganar taron ofis, wannan ban taɓa musun sa ba. Abin da na ce shi ne a nemo dabul sitan guda ɗaya, wanda aka ƙera don irin wannan babur, mai ɗauri da noti, a sa a nawa, in yi damina guda da shi mu gani. Oga ya ɗauki rabin maganar ya bar rabi. Kwana uku bayan haka ya kira ni ya ce ya sami mai walda a cikin gari da zai yi duka goma sha biyun da araha, kuma yana so a gama kafin baƙin da za su zo duba aiki, don a jera baburan a miƙe a gaban ofis.

Na ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri a gwada ɗaya tukuna. Ƙasan babur ɗin zai ragu, kuma walda a jikin wannan bututun ba ta da kyau."

Ya ce, "Malam, kai ka kawo maganar, kai kuma za ka kawo cikas? Je ka yi abin da aka sa ka."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." Mu biyu ne a ofishin, da baki muka yi ta, ba shaida. Takardar ba da aikin kuwa, hannuna ne a kanta.

Mai ƙera dogon babur bai hana shi dabul sitan don rowa ba. Kuɗin da ake biya a kan irin wannan babur, na tazarar da ke tsakanin cikinsa da ƙasa ne, da kuma shokozoba mai nisan tafiya. To tunda tayar baya tana sauka da nisa idan an ɗaga babur ɗin, dole ƙafafun dabul sitan su yi tsawo kafin su raba ta da ƙasa. Idan aka naɗe su, wannan tsawon ba ya ɓacewa, yana nan kwance a ƙarƙashi, kusa da cen, a daidai wurin da kunyar gona da kututture ke wucewa. Namu ya cinye kusan yatsu uku na tazarar tun babur yana tsaye ba kowa a kai. Mutum ya hau, a ɗora buhu a baya, shokozoba ta nutse, sai abin da ya rage ya zama kamar na babur ɗin cikin gari. Tsoffin malaman gona za su tuna Yamaha AG200: ƙafar gefe biyu gare shi, dama da hagu, cen ɗinsa a rufe. Waɗanda suka ƙera shi don gona sun san ƙasar da zai taka.

Tun kafin damina ta kankama na fara ganin alamu. A rairayi, ƙafa ɗaya ta nutse ta bar 'yar uwarta, babur ya kife da kaya. Cen ya dinga cinye haƙoran faifansa, domin yara suna ɗaure shi alhali taya na reto a sama. A nan yana kama da ya saki, amma da an sauke an hau sai ya ɗame kamar tsarkiya. Cen ɗin dogon babur yana son sassauci fiye da na Boxer. Na ga duk wannan, na yi ta gyara a ɓoye, ban rubuta ko layi ɗaya ba. Wannan shirun shi ne laifina na gaske, ya fi sa hannun nauyi a wurina.

Sai ambaliyar 2022 ta zo. Kogin Haɗeja ya cika ya batse, hanyoyi suka yanke, ma'aikata suka koma bin jinga da gefen gonakin shinkafa. Wani yaro cikinmu, bai fi wata biyar da aure ba, ya ɗauko kaya zai kai wani ƙauye ta wajen Auyo. Laka ta taru a kan dabul sitan ɗinsa ta yi masa nauyi, sifirin ɗin da mai walda ya sa ya riga ya saki, ƙarfen ya sauko yana jan ƙasa bai sani ba. Ya kama wani kututture a kan jinga. Babur ya tsaya cak, ya wurga shi, sannan ya biyo shi ya danne masa ƙafa. Ƙashin ƙwaurinsa ya karye wuri biyu. A amalanken shanu manoma suka fito da shi bakin titi, sai bayan la'asar aka kai shi asibiti. Wata huɗu ya yi a kwance.

Da aka kafa kwamiti, Oga ya ce shi bai san harkar ƙarfe ba, masani ya ba shi shawara ya bi. Aka buɗe rahoton taro, ga sunana: ni na kawo batun. Aka buɗe takardar aiki, ga sa hannuna. Na faɗi abin da ya gudana tsakaninmu, ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah." Ni aka ba takardar gargaɗi, ni aka riƙe wa ƙarin girma. Shi kuwa shekara ba ta zagayo ba aka ɗaga shi zuwa babban ofis. Na yafe abubuwa da yawa a aikin nan, wannan kalmar tasa dai har yau ban iya haɗiye ta ba.

Duk da haka ba na gaba da dabul sitan. Wanda yawancin tafiyarsa kwalta ce, Haɗeja zuwa Gujungu, Ringim zuwa Kano, zai ji daɗinsa wajen faci da shafa wa cen mai da duba baƙin mai babur na tsaye daidai. Ya sa, amma wanda aka ƙera don babur ɗinsa, a ɗaure da noti, kuma ya riƙa taɓa sifirin ɗin duk safiya. Mai bin jigawa da fadama kuwa ya bar cikin babur ɗinsa fayau. Bayan na sa an yanke namu duka, gwafa na yanko wa kowa, gajeriya, ta icce mai ƙarfi. A kafe babur a ƙafar gefe, a ɗaure birkin gaba da roba, a tura shi kaɗan ya jingina, a tokare hannun tayar baya ta dama da gwafar, taya ta tashi. A cikin ƙauye ma ba sai gwafa ba, a ari turmi a kife a ƙarƙashin injin. Na kuma sa an faɗaɗa tafin ƙafar gefe da ɗan faifan ƙarfe don kada ta nutse a rairayi. Daga ranar zuwa ranar da na miƙa makulli, ba wanda ya kwana a daji saboda faci, ba kuma wanda ƙarfen da na sa ya kayar.

Sauran abin da na gaya wa magajina gajere ne. Kada ya sayi baƙin mai na kwalba a bakin hanya. Kada ya ba da aron babur ɗin ofis ranar biki, ko ɗan uwansa ne. Idan bai yarda da umarni ba, ya rubuta, ya sa kwanan wata, ya ajiye kwafi a gida.

Yaron nan ya dawo aiki, amma an mayar da shi tebur, ba ya iya taka kik da ƙafar. Bai taɓa ce min uffan a kan abin ba, kullum "Baba, ina kwana" ne da fara'a. Kafin in tafi na je ofishin gudanarwa na roƙi a ba ni ƙarfe na goma sha biyun, wanda kwamiti ya karɓa a matsayin shaida, in haɗa shi da sauran. Suka ce ba a fitar da kayan fayil. Yana nan cikin kabad a lanƙwashe, da busasshiyar lakar Auyo a jikinsa, an ɗaura masa takarda mai sunana.