Daga Mosko: Daren da Na Kalli Rawar Bale

Assalamu alaikum mutanen Kaduna. Ya hunturu? Namu na nan dai sai addu'a.

Ranar Asabar wani abokin karatuna ya ja ni Bolshoi, babban gidan wasan Mosko, muka kalli Swan Lake, wani wasan bale, wato rawar Turawa da ake ba da labari da ita. A wannan gidan aka fara nuna shi a 1877, da kiɗan Tchaikovsky, shahararren mai tsara kiɗa na Rasha. Tun a ƙofa za ka miƙa rigar sanyinka a ba ka lamba. Ƙararrawa uku ake kaɗawa, ta uku na tashi an rufe, ko kai ɗan wane ne sai ka jira.

Na san tambayar da ke bakinku kan shigar 'yan rawar. E, kayan matsattsu ne, kuma ba wurin da zan kai Hajiyarmu ba ne. Mu wuce nan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, daga farko har ƙarshe ba wanda ya furta kalma. Labarin budurwa ne da matsafi ya mayar tsuntsuwar ruwa, ɗan sarki ya yi mata alkawari, aka yaudare shi da mai kama da ita. Duk da ƙafa da hannu aka faɗe shi. Mace ɗaya ce ke fitowa a matsayin su biyun: cikin fararen kaya kafaɗunta a sanyaye, cikin baƙaƙe kuwa har kallonta ya sauya. A nan ne take juyawa sau 32 kan ƙafa ɗaya ba ta bar inda take ba. Na ji wata tsohuwa kusa da ni tana ƙirgawa ƙasa-ƙasa.

Takalmin da suke tsayawa kan yatsu da shi ba katako a ciki. Ƙyalle ne da gam aka daskarar, kuma babbar 'yar rawa kan kashe guda a dare ɗaya. Tun suna wajen shekara 10 ake ɗaukarsu makaranta, su shekara takwas ana murza su.

Ni da na saba ganin 'yan koroso a Dandalin Murtala, ana guɗa ana liƙi, shirun nan ya dame ni. Tari ma sai ka haɗiye. Amma labule na sauka suka ɓarke da tafi, aka yi ta miƙo furanni, 'yan rawa na fita suna dawowa, har muka tarar da layin karɓar riguna ya kai matakala.

A gaida mutanen Unguwar Rimi.