Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da daktora ta lissafa min abincina

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a inda sakamakon tahlil, wato gwajin jini, ya fito, daktora ta kalli takardar ta kalleni tace gudda ce ta yi kasala, abin da Larabawan nan suke cewa khumul. To daga nan zan ɗora.

Wasu cikinku har yanzu basu gane mecece guddar ba. 'Yar ƙwaya ce a gaban wuya ƙasan maƙogwaro, siffarta kamar malam buɗe littafi, ita ce idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo a gida. Aikinta fitar da sinadarin dake gaya ma jiki saurin da zai ƙona abinci. Shi kuma sinadarin TSH da ake aunawa a jini ba daga ita yake fitowa ba, daga wata ƙwayar ce a ƙasan ƙwaƙwalwa, kamar uwa ce tana kiran yaro, in bai amsa ba sai ta ƙara ɗaga murya, shi yasa idan gudda ta yi sanyi lambar TSH take hawa. Na mai lafiya yana tsakanin 0.4 zuwa wajen 4, nawa ranar 11 ne. Daktora tace irin nawa sunansa Hashimoto, sunan likitan Japan ɗin da ya fara bayaninsa a 1912, garkuwar jikin mutum ce da kanta take cin guddar a hankali. Sai a lokacin na gane dalilin da yasa a tsakiyar zafin Makka, watan Agusta, yara na rigima a ƙaro mukayyif, wato AC, ni kuma ina ƙudundune cikin bargo da safa a ƙafata.

Aka ɗorani kan ƙwayar magani mai suna Euthyrox, guda ɗaya kullum da safe. Wallahi ranar da na fito daga saidaliyya, wato kantin magani, da kwalin nan a jakata ji nake kamar an gama, a raina nace tunda gudda ce ta tara min ƙibar nan to magani zai kwasheta. Kilo 97 nake lokacin. Wata uku ina sha, kumburin fuska ya faɗa, zobena ya fara shiga, barcin rana ya ragu, amma da na hau sikeli 94. Kilo uku kacal. Na zauna bakin gado nayi kuka mai isata, don shekara huɗu ina jin maganganu, a gidan biki a gidan suna, wata tace Makka ta karɓeki, wata tace ki rage cin shinkafa mana, ni kuma na riƙe cewa ciwo ne ba ci ba, yanzu ga magani ga ƙiba tana nan zaune.

Daga nan ne na shiga rijim, wato tsarin rage cin abinci, da ya kusa kaini ƙasa. An turo mana shi a wani guruf na mata a WhatsApp, safe kokwamba da ƙwai ɗaya, rana laban (nono) da tuffa, dare ruwan ɗumi da lemun tsami. Kwana goma sha ɗaya nayi. Gidanmu a Shari'a Mansur yake can saman jabal, wato dutse, duk wanda ya san unguwar ya san matakalan nan, ranar na dawo daga bagala, wato kantin unguwa, da leda biyu sai naga duhu ya rufe min ido, na zauna a kan matakala ina riƙe da bango har wani yaro ya ɗaukar min kayan. Gashina da dama yake zuba ya ƙara, in na taje sai na dunƙule shi na ɓoye kar Umma ta gani. Kuma abin da ban taɓa gaya ma kowa ba sai yau, da dare idan kowa ya kwanta yunwa take tasheni, na shiga kicin a duhu na cinye ragowar burodin tamis da cuku, da safe na tashi ina jin haushin kaina.

Sai wata maƙwabciyarmu, da zuciya ɗaya ta faɗa Allah ya sani, tace ai ƙwayar guddar ita ke ramar da mutum, ki dinga shan biyu. Na sha biyu na kwana biyar. Zuciyata ta dinga bugawa kamar ana daka, hannuna na rawa, barci ya ƙaurace. Dan Allah 'yan uwa duk mai shan maganin nan kar ta ƙara ko rabi ba da izinin likita ba, yawansa yana taɓa bugun zuciya yana kuma cin ƙashi, ni na ɗanɗana kaɗan na san ba wasa bane.

Abban yara ne ya matsa na koma mustausaf, wato asibiti. Daktorar 'yar Sudan ce, babbar mace mai haƙuri, ta barni na gama zuba duk abin da ke cikina sannan tace ya ukhti, da me kike haɗiye ƙwayar? Nace da shayin safe. Da madara? Nace eh, kuma lokacin nake haɗawa da maganin ƙarin jini don kar na manta. Ta dafe kai. Ashe ƙwayar nan da ruwa zalla ake shanta, ciki babu komai, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a karya, gahawa da madara suna hana jiki ya tsotseta yadda ya kamata, maganin ƙarin jini da na kalsiyam kuma sai an bada tazarar awa huɗu. Wata uku ina sha ina zubar da rabin amfaninsa ban sani ba. Tace mu gyara wannan tukuna, a sake tahlil bayan sati shida zuwa takwas, don ba'a gane aikin maganin kafin nan.

Sannan ta faɗa min maganar da ta min ɗaci a ranar. Tace ƙibar da kasalar gudda take kawowa ita kaɗai yawanci bata wuce kilo biyu zuwa biyar, kuma mafi yawanta ruwa ne da gishiri da jiki ya riƙe, shi ne ukun nan da kika ga sun tafi. Sauran ya taru ne a shekarun da gajiya ta zaunar dake, kina ci yadda kika saba amma jikin baya ƙonawa kamar da, baki iya motsi. Tace ba haɗama bace kuma ba laifinki bane, amma ƙwaya bazata kwashe shi ba. Na yi shiru. Gaskiya ce, sai dai ban so jinta ba.

Da na koma bayan sati bakwai TSH ya sauko 2.8. Ranar ce ta jawo takarda ta juya bayanta tace zo mu yi hisabi. Har yanzu takardar na cikin jakata. Tace akwai lissafin da likitocin abinci suke amfani dashi tun 1990, na Mifflin da St Jeor, yana ƙiyasta kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa, nawa jiki yake ƙonawa ko da mutum yana kwance bai ɗaga ko tsinke ba, numfashi da bugun zuciya da ɗumin jiki kawai. A ninka nauyi da 10, a ninka tsawo na santimita da 6.25, a haɗa, a cire shekaru sau 5, mace ta ƙara cire 161, namiji kuma ya ƙara 5. Nawa kilo 94 ya bada 940, tsawona 162 ya bada 1012 da rabi, shekaruna 38 sau biyar 190. Da aka haɗa aka cire sai ga 1600 da ɗan ɗoriya.

Nace daktora kenan ina kwance ma jikina na cin 1600? Tace eh, ke kuma kina bashi abin da bai kai 700 ba kina hawa jabal dashi, ina mamakin jiri? Wallahi sai naji hawaye, amma ba irin na baya ba, wani sauƙi naji, ashe ba sai na kashe kaina da yunwa ba.

Daga nan ake ninkawa da yawan motsin mutum. Mai zaman gida 1.2, mai ɗan tattaki sau biyu ko uku a sati 1.375, mai motsa jiki sosai 1.55. Na so na ɗauki na tsakiya saboda aikin gida, tace a'a mu ɗauki na ƙasa, yawancin mutane suna zaton motsinsu ya fi yadda yake, kuma mai gudda gara ta fara daga ƙasa. 1600 sau 1.2 ya zama wajen 1900, wannan shi ne abin da in na ci zan tsaya a inda nake. Ta cire 400 ta zagaye 1500 da biro. Tace kilo ɗaya na kitse wajen kalori 7700 ne, to da wannan ragin kusan kilo ɗaya da rabi a wata, in kin ƙara tafiya ya kai biyu, kuma kar na kuskura na sauka ƙasa da 1200 ni kaɗai.

Abin da ta fi nanatawa shi ne lambar nan ƙiyasi ce, an ginata kan masu lafiyayyar gudda, shi yasa bata yarda ta min lissafin ba sai da TSH ya daidaita, don in gudda na kasala jiki yana ƙona ƙasa da abin da takarda ta nuna sai mutum ya ga yana bi amma babu sakamako ya karaya. Alƙalin gaskiya sikeli ne, sau ɗaya a sati da safe, a duba na sati huɗu gaba ɗaya ba na rana ɗaya ba, musamman mu mata da ruwa ke taruwa lokacin al'ada. In bai motsa ba a rage 100 ko a ƙara tafiya.

A gida ne aikin ya fara. Na sayi ƙaramin ma'aunin kicin, na ce ma 'yata babba ta riƙe biro. Ranar kabsa muka yi, dafa-dukan shinkafa da nama na Larabawa. Yadda na saba tuttula mai a tukunya daga jarka, sai na tara cokali ina ƙirgawa, cokali tara! Kowane babban cokali na mai wajen kalori 120 ne, kunga sama da dubu kenan a tukunya ɗaya tun shinkafa bata shiga ba. Shayi kuwa kofi uku nake sha a rana, kowanne ƙaramin cokali uku na suga, kowane cokali 16, ban da madarar gwangwani. Dabino da gahawa bayan la'asar bana ma sa shi a lissafin abinci, alhali sai na ci goma ina hira, kowanne 20 zuwa 30 gwargwadon girmansa. Ni da nake rantsuwa bana cin komai, kuma ba ƙarya nake ba, shinkafata bata da yawa, duk abin a kofi yake da tukunya. Na maida man cokali huɗu babu wanda ya lura a gidan sai da na faɗa.

Inda na sha wuya shi ne sufra. Mu a faranti ɗaya muke ci, a shimfiɗa leda a ƙasa kowa ya sa hannu, ta yaya zaki san nawa kika ci? Ranar farko na zubo nawa a ƙaramin filet na zauna gefe. Goggo, yayar babansu Abban yara da take zaune tare damu, ta ajiye lomarta tace ke 'yar nan, ƙyamarmu kike ko kuwa asibitin ne suka ce muna da cuta? Jikina yayi sanyi, nace wallahi Goggo ba haka bane, awo aka bani. Tace mu da muka girma muna ci tare bamu san awo ba. Ranar ko abincin ban iya ci ba. Umma ce ta kawo mafita da na kirata da dare, tace auna abinki a kicin a kwano, ki zo ki kife shi a gefenki na farantin, ki ci tare dasu, in naki ya ƙare ki ja salad. Haka nake yi har yau, kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa wajen 200, naman kaza ba fata gwargwadon tafin hannuna, sauran gefen duk kokwamba da tumatir da ganyen jarjir. Goggo na gani amma bata sake magana ba, har wani lokacin ita take turo min tsokar ƙirji tace ungo naki marar kitsen.

In mun fita kuma abin ya zo da sauƙi, don tun farkon 2019 hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta wajabta ma gidajen abinci su rubuta kalori kusa da kowane abinci, da can ko kallon lambobin bana yi. Tafiya kuma da rana bata yiwuwa a Makka sai bayan isha'i, ni da 'yata mu sauka mu zagaya rabin awa mu hawo a hankali. Ranar da muka yi umra a ƙarshen wata na biyu na gama sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, sama da kilomita uku, ban nemi keken turawa ba, rabona da haka shekara uku. A Marwa na tsaya na yi ta hamdala.

Sati huɗu na farko kilo ɗaya da rabi ya tafi, na biyu kilo biyu, na uku sikeli ya tsaya cak a 90 da rabi, daktora tace a sake lissafin da sabon nauyi don jiki in ya ragu abin da yake ƙonawa ma raguwa yake. Muna cikin haka azumi ya ƙarato, ga sambusa ga lugaimat ga Vimto, ga kuma tambayar yaushe zan sha ƙwayar tunda da sahur ciki ba fanko yake ba. Wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.