Katin girafik ɗin da ya cinye min kuɗin wata uku

Ƙarshen shekarar 2018 ne, ana ta haramar zaɓen 2019, aikin fosta ya yi mana yawa har wani lokaci a shago muke kwana. Ban daɗe da barin gaban maigidana na kafa nawa ɗan teburin ba, a wani layin masu firintin a Kano. Kwamfutar da nake aiki da ita irin ƙananan nan ce na ofis da ake jibgo mana daga Turai, masu siririn akwati: furosesa Core i5 zubi na huɗu, ram giga 4, da had-dis mai juyawa. Da ita nake yin katin biki, kalanda, sitika, da gyaran hotunan amare.

Matsalarta nauyi. In na danna Photoshop, zan iya fita in karɓo shayi in dawo bai gama buɗewa ba. Kwastoma na zaune a kan benci yana kaɗa ƙafa, ni kuma ina kallon ɗan zoben nan yana juyawa. Wani wakilin ɗan takara ya taɓa ce min, "Malam, ko dai in kai wa na gaba?" Wannan maganar ta tsaya min a rai kwana da kwanaki.

Ina da wani aboki da ba ya komai da kwamfuta sai buga wasan ƙwallo. Shi ya ce min ai katin girafik nake buƙata, wato katin da ake soka wa kwamfuta don ya ɗauki aikin zana hoto a monita. Sunan ma kaɗai ya isa ya ruɗe ni: ni aikin girafik nake yi, kati kuma sunansa na girafik, to me ya rage? Ban tambayi kowa ba. Na kwashe abin da na tara na wata uku na sayo GTX 1060 na hannu, na rungumo shi gida ina jin na gama da talauci.

Da na buɗe akwatin, kati ya ƙi shiga. Ya fi akwatin faɗi. Waɗannan siraran kwamfutocin gajeren kati kawai suke ɗauka. Ko da ya shiga ma, da sauran rina a kaba, domin gurbin da ake soka kati a madabod, babban allon da komai ke haɗe a kansa, wat 75 kaɗai yake iya bayarwa, shi kuwa wannan katin yana cin wat 120, sai an jawo masa wata waya ta daban mai baki shida daga fawa-fak, akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta. Nawa fawa-fak ɗin ƙarami ne, ba shi da wannan wayar kwata-kwata. Na koma kasuwa na sayo babba. Na dawo na tarar bakin wutar madabod ɗin ba irin na gama-gari ba ne, sai da aka nemo min wata 'yar mahaɗa. Ƙarshenta dai kwamfutar ta koma kamar majinyaci a gadon asibiti: murfi a buɗe, an zaro madabod waje, fawa-fak a gefe kan kwali, wayoyi ko'ina. Na kunna, ta kawo. Na danna Photoshop. Zoben nan ya ci gaba da juyawarsa kamar ba a yi komai ba. CorelDRAW ma haka.

Bayan kwana biyu tsohon maigidana ya biyo ta layin, ya leƙo mu gaisa. Ya kalli teburin ya kalle ni. Na ba shi labari ina kame-kame. Bai ce komai ba, ya ja kujera ya ce in buɗe aikin da ya fi ba ni wahala. Yana cikin buɗewa ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, mai nuna yawan aikin da kowane sashen kwamfuta ke yi, ya fito, ya shiga sashen Performance. Ya nuna min da ɗan yatsa: had-dis ya kafe a kashi 100, ram ya kusa cika maƙil, furosesa na aiki sama-sama, katin da na zuba wa kuɗi kuwa yana kwance yana barci.

Ya ce, "Kai yaro, ka bar jaki kana dukan taiki."

Na ce, "Oga, ai ban san ana dubawa ba."

Ƙannena masu tasowa a wannan sana'a, abin da nake so ku ɗauka ke nan tun kafin ku ciro ko sisi. Kwamfuta tana faɗin inda ke mata ciwo, kuma kyauta take faɗa. Ka buɗe aikinka mafi nauyi, ka buɗe Task Manager a gefe, ka yi aiki na minti goma kana leƙawa. Wanda ka ga ya cika ya tsaya a sama, nan kuɗinka za su je. Photoshop ma yana da nasa ma'auni a ƙasan hoton da ka buɗe, in ka zaɓi Efficiency. Muddin yana nuna kashi 100, aikin yana cikin ram. Da ya fara sauka ƙasa, ram ya ƙare, manhajar ta koma aron wuri a kan dis.

A nan ne asirin nauyin yake. Ka ɗauki tela mai yankan babbar riga a kan ƙaramin tebur: shadda ba ta baje gaba ɗaya, sai ya naɗe wani sashe ya kai ɗaki, ya yanka wannan, ya koma ya ɗauko wancan. Teburin shi ne ram, ɗakin shi ne dis. Ni teburina giga 4 ne, wanda Windows kanta ta cinye fiye da rabi, ɗakin kuma yana can nesa, domin had-dis faifai ne na gaske da ke juyawa, allura tana bin sa tana neman abu. A mafi kyawun halinsa mega ɗari da wani abu yake karantawa a daƙiƙa, in fayilolin ƙanana ne a warwatse kuwa ya faɗi ƙasa warwas. SSD, ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, na gama-garinsa mai shiga bakin SATA ɗin da had-dis yake, yana kai mega 500 da ɗoriya, kuma ba ya neman komai da allura. Mai shiga gurbin M.2, irin NVMe, yana haura mega 3,000, in madabod ɗinka yana da gurbin. Amma kada wannan lambar ta ɗauke maka hankali. Tsallen da za ka ji a jikinka shi ne daga had-dis zuwa SSD kowane iri. Daga SATA zuwa NVMe, a aikin fosta da hoto, sai ka lura sosai kafin ka ga bambanci.

Na sa SSD, na mayar da ram giga 16. Duka biyun ba su kai kuɗin katin ba. Ranar da na kunna ta, na ɗauka wata kwamfutar aka musanya min.

Wajen sayen ram ɗin ma saura ƙiris in sake tafka wata. Na je na ce a ba ni "mai sauri", aka miƙo min DDR4, har na sa a aljihu sai Allah ya sa na kira Oga. Zubi na huɗu DDR3 yake ci. Tsagar da ke ƙasan kowanne ba wuri ɗaya take ba, ba ya shiga, in ka matsa ka karya gurbi. Haka DDR5 ba ya shiga gurbin DDR4. Ka rubuta lambar samfurin kwamfutarka ka duba irin ram ɗin da take ɗauka da iyakar abin da za ta iya ɗauka, ko ka ciro na ciki ka tafi da shi kasuwa. Kuma guda biyu masu giga 8 iri ɗaya sun fi guda ɗaya mai giga 16, domin madabod na ɗiban su a tare ta hanya biyu. Akwai wani tarkon a furosesa: na Intel zubi na shida da na bakwai da na takwas duk bakinsu ɗaya ne a ido, LGA1151, amma in ka ɗora zubi na takwas a madabod ɗin zubi na shida ba za ta tashi ba.

A yau kam, in tsohuwa ce irin tawa ta wancan lokaci, SSD da ram su ne iyakar abin da zan ce ka zuba mata. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas na Intel take farawa, ko Ryzen jerin 2000 a ɓangaren AMD. In za ka sayi ta hannu yanzu, kada ka sauka ƙasa da nan, kuma in da hali ka ɗauki mai babban akwati, wadda gobe za ka iya ƙara mata abu ba tare da ka zazzago hanjinta kan tebur ba.

Wani ɓangare na nauyin ma ni nake jawo shi da hannuna. An koya min cewa aikin firintin digo 300 ne a kowane inci, na riƙe wannan kamar karatun allo. Sai a kawo min bana mai ƙafa 10 da ƙafa 4, in buɗe ta a 300. Yi lissafin da kanka: digo 36,000 a tsawo, 14,400 a faɗi, sama da digo miliyan 518. A launin CMYK, na tawadar firintin, wannan ya kai giga 2 tun ba ka ɗora hoton ɗan takara ba. Fayil ɗin PSD na Photoshop ma ba ya wuce digo 30,000 a gefe, shi ya sa kullum ajiyewa ke ba ni wahala ban san dalili ba. Banar da za a rataye a kan titi, ana kallonta daga tsallake, digo 100 ya ishe ta har ya yi yawa, kuma nauyinta ya ragu sau tara. Ɗari uku na katin biki ne da kalanda, abin da mutum zai riƙe a hannu ya ƙura wa ido.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai kuwa ba na sauri ba ne. Da kuɗi suka ɗan shigo bayan zaɓe, sai na ɗauko talabijin mai inci 32 na mayar da ita monita, don in burge kwastoma. Kuma tana burge su. Hoto ya fito ɓaro-ɓaro, launi kamar ka taɓa. Aka kawo min aikin kalandar wani biki, na zauna na gyara amarya tsaf, ita da ƙawayenta suka zo suka gani suna ta shewa. Aka buga guda ɗari biyu. Da aka kwance ɗaurin, fuskar amarya ta yi duhu kamar an ɗauke ta da magariba, ankon ƙawaye mai ruwan ganye shar ya koma kamar miyar kuka. Yayar mahaifiyarta ce ta zo karɓa. Ta ɗaga guda ɗaya ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ɗan nan, wannan 'yar wa ka sa mana?"

Na fara ɗora wa mai injin bugawa laifi, amma a raina na san ba shi ba ne. Talabijin an yi ta ne ta ƙawata hoto: tana ƙara haske, tana ƙara kaurin launi. Ni ina ganin fuska ta yi haske a gilashi sai in rage, alhali a cikin fayil ɗin ba ta da wannan hasken. Ga shi na yi aikin gaba ɗaya a RGB, launin haske, ban duba yadda zai koma a CMYK, launin tawada, ba. Akwai koren da shuɗin da gilashi ke nunawa waɗanda tawada ba ta iya fitarwa ko injin na waye. Da kuɗina na sake buga kalandar nan, ana saura kwana ɗaya kamu.

Saboda haka monita ba kayan ado ba ce a wannan aiki, ita ce idonka. Ka nemi mai gilashin IPS, wadda launinta ba ya sauyawa in ka karkata kai. Gwajin ba wuya: ka buɗe hoto a shagon, ka ɗan durƙusa ka kalle shi daga ƙasa. In ya yi baƙi ko ya juye, gilashin TN ne, ka bar musu abinsu. Inci 24 mai 1920 da 1080 wadda ke nuna kusan dukkan launukan sRGB ta fi maka ƙatuwar talabijin, wadda da yawa daga masu inci 32 ɗin ma 1366 da 768 ne kawai. In ka kawo ta, ka rage haskenta sosai, har farin shafi ya yi kusa da farar takardar da ke hannunka a hasken ɗakin. Kuma duk aikin da ya wuce guda hamsin, a buga maka ɗaya tukuna, ka ajiye shi kusa da monita ka gwada, kwastoma ya gani ya amince kafin a saki inji.

Sai wuta. Wannan ba sai na tsawaita ba, duk wanda NEPA ta taɓa ɗauke masa wuta yana tsakiyar ajiye aiki ya sani. UPS, na'urar batir mai riƙe wuta, ko ƙarama ce, wadda za ta riƙe ka minti biyar ka ajiye ka kashe, tana gaba da kowane kati a layi. Hotunan mutane kuma kada su zauna wuri ɗaya: SSD in zai mutu ba ya yin ƙara ba ya gargaɗi. Tsohon had-dis ɗin da ka cire, mayar da shi ma'ajiya ta biyu. Lokacin hunturu ka riƙa buɗe akwatin kana hure ƙura da bulowa, domin in fanka ta toshe furosesa na rage gudu da kansa don kada ya ƙone, kai kuma ka ɗauka tsufa ne.

Ban ce katin girafik ba shi da rana ba. In kana haɗa bidiyon biki, ko zane mai siffa uku a Blender, ko kana amfani da abin goge dusar hoto na Denoise da Adobe ta saka a Lightroom a 2023, nan kati yake nuna kansa, aikin da zai ci mintuna ya koma daƙiƙoƙi. Ni ma yanzu ina da shi, na saye shi ne ranar da Task Manager ya nuna min nan ne ya cike. Amma mai CorelDRAW da gyaran hoton fasfo da katin suna, girafik ɗin da ke cikin furosesa ma yana kai shi.

Wancan GTX ɗin kuwa, abokin nan nawa da ya ba ni shawarar shi ya saye shi daga hannuna, a rabin kuɗinsa, biya biyu. Na biyun ma sai da na bi shi har gida, na tarar da shi yana buga ƙwallo da shi, yana ce min in zauna in ga yadda ciyawar filin ta fito.