Saƙon Godiya Ga Waɗanda Suka Gwada Laburarenmu Suka Kuma Ƙunshe Shi

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan aiki, ni da abokan aikina muna miƙa godiyarmu ga duk wanda ya sa hannu har sabon zubin laburarenmu, wato tarin umarnin kwamfuta da wasu manhajoji ke amfani da shi, ya fito yana aiki a kan manyan manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta: Linux da Windows da macOS da FreeBSD. Laburaren ƙarami ne, an rubuta shi da harshen C don karanta fayiloli da adana su, kuma tushensa, wato ainihin rubutun manhajar, a buɗe yake ga kowa a ƙarƙashin lasisin MIT.

Wajibi ne in fara da amsa laifinmu. Dukkanmu a kan Linux muke aiki, gwaje-gwajenmu kuwa kullum lafiya suke wucewa, don haka muka rubuta cewa laburaren yana aiki ko'ina ba tare da mun taɓa ganin hakan da idonmu ba. Ashe laifi tudu ne, mun taka namu muna hangen na wasu manhajojin da muke yi wa dariya idan sun faɗi.

Waɗanda suka fara farkar da mu su ne masu gwaji a kan Windows, kuma su suka fi shan wahala. Su suka nuna mana cewa mun ɗauka nau'in lambar da ake kira long yana da bit 64 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani a kwamfuta) a kowace kwamfuta ta zamani, alhali a Windows bit 32 ne ko da na'urar mai bit 64 ce, wanda shi ya sa lissafin girman manyan fayiloli yake birkicewa. Su suka gano cewa gwajinmu yana goge fayil tun yana buɗe, abin da Linux ke bari amma Windows a al'adarsa ba ya bari. Akwai kuma ƙarshen layi, wanda alama biyu ce a Windows, ɗaya a Linux, da iyakar nan ta haruffa 260 a kan hanyar fayil. Abin da ya fi ba mu kunya shi ne wani fayil da muka sa wa suna aux, sunan da Windows ya keɓe wa na'ura tun zamanin DOS, tsohuwar manhajar da ta gabaci Windows, har wani bawan Allah ya kasa sauke tushen gaba ɗaya. Bai yi fushi ya tafi ba, ya zauna ya bi diddigin matsalar, ya aiko mana da gyara da bayani mai kyau.

Ta ɓangaren macOS, wata baiwar Allah ce ta lura cewa muna da fayiloli biyu da babu abin da ya raba sunayensu sai babban baƙi da ƙarami, kuma tsarin fayilolin Apple, yadda yake zuwa, ba ya bambanta su, sai ɗaya ya danne ɗaya. Ita ce kuma ta riƙa gina mana laburaren, wato mayar da tushen zuwa abin da kwamfuta ke iya aiki da shi, a kan na'urori masu ƙwaƙwalwar ARM da Apple ya koma kansu tun 2020, domin babu mai irinsu a cikinmu.

Godiya ta musamman ga masu ƙunshe manhajoji, wato masu shirya su yadda za a sauke su cikin sauƙi, waɗanda a ganina su ne aka fi mantawa da su a wannan harka, domin mai amfani umarni ɗaya yake bugawa manhaja ta sauka, ba ya sanin wanda ya kwana a kanta. Mai ƙunshin Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, shi ne ya gina laburaren a kan s390x, wato manyan kwamfutocin IBM, inda jerin bayit (rukunin bit takwas-takwas) yake farawa daga babba saɓanin kwamfutocinmu, nan take kuskuren da ya daɗe a ɓoye wajen karanta bayanan da ke farkon fayil ya bayyana. Mai ƙunshin Alpine Linux ya nuna mana wuraren da muka jingina da glibc, babban laburaren C na yawancin nau'o'in Linux, ba mu sani ba, su kuwa wani daban mai suna musl suke amfani da shi. Mai ƙunshin Fedora, wani nau'in Linux, ya sa mun daina sauke wasu abubuwa daga intanet a tsakiyar gini, tunda na'urorinsu na gini ba su da wannan damar. Da farko na ɗauki wannan a matsayin tsanantawa, amma yanzu na gane cewa ginin da ya dogara da intanet yau yana iya ƙin ginuwa gobe. Haka nan muna gode wa waɗanda suka shirya shi a Homebrew da vcpkg, wasu rumbunan sauke manhajoji.

Muna neman afuwar waɗanda rahotonsu ya daɗe bai samu amsa ba. Mun sa sunan duk wanda ya amince a cikin fayil ɗin masu ba da gudummawa, kuma daga yanzu babu gyaran da zai shiga sai ya wuce gwaji a kan manyan manhajojin nan huɗu. Abin da ya rage shi ne na'urori masu bit 32, inda tsohuwar ƙidayar lokaci mai bit 32 za ta kai iyakarta ranar 19 ga Janairu, 2038, kuma muna roƙon mai irinsu ya taimaka mana da gwaji. Allah ya saka wa kowa da alheri.